Ranar da Hankali Ya Hau Kujerar Alƙali

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, wai ilimin zamani ya soma ne ranar da Turawa suka ajiye Littafi Mai Tsarki suka kama hankalinsu. Masu faɗin haka sukan kafa hujja da wani Bafaranshe mai suna Dekart, wanda mutanen ƙasarsa ke rubuta sunansa Descartes, da waɗanda suka biyo bayansa a ƙarni na 17, watau Sifinoza da Malbaransh da Laibniz. Su ne ake kira masu dogara ga hankali, gama sun ɗauka cewa tushen tabbataccen sani yana cikin tunanin mutum, kuma abin da ido ya gani ko kunne ya ji yana bukatar hankali ya tantance shi kafin a amince da shi. Waɗansu masu bi kuma, da zarar sun ji sunayen nan, sai su toshe kunnuwansu, suna ganin babu abin da ke ciki sai kafirci.

Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya cikin biyun ba. Uku daga cikin mutanen nan huɗu sun rayu sun mutu suna Kirista, ɗayansu ma firist ne. Babu wanda ya gina tunaninsa ba tare da sunan Allah ba. Tambayar da ta kamace mu ita ce, me ya kai su ga ɗora hankali a kan kujerar alƙali, ina hankalin ya kai su, wane ne kuma ya iya ba su amsa.

Turai cikin jini

A shekara ta 1517 Martin Luta ya soma kiran a gyara ikkilisiya. Kafin a yi shekara hamsin, ikkilisiyar yammacin Turai ta rabu: ga Katolika, ga mabiyan Luta, ga mabiyan Kalbin. Rabuwar ba ta tsaya a kan mumbari ba, gama sarakuna sun shiga ciki, kowa da takobinsa. A watan Agusta na 1572 aka yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Faris da waɗansu garuruwan Faransa. A 1618 yaƙi ya ɓarke a ƙasar Bohemiya ya bazu cikin Jamus, bai ƙare ba sai 1648. A watan Mayu na 1631 rundunar sarkin sarakuna, wanda yake Katolika, ta faɗa wa birnin Magdebag, mutum wajen dubu 20 suka hallaka da takobi da wuta. Sojojin Furotesta su ma sun ƙone ƙauyuka sun washe rumbuna. A waɗansu yankunan Jamus, yaƙi da yunwa da annoba sun cinye fiye da rabin jama'a. Gaskiya ne kwaɗayin mulki yana ciki, tun da Faransa ta Katolika ta haɗa kai da Suwidin ta Furotesta. Duk da haka tutar da talaka ya gani ta addini ce.

Kowane ɓangare yana da malamai, yana da shahidai. Katolika suka ce ikkilisiya ce ke yanke hukunci a kan ma'anar Littafi. Furotesta suka ce Littafin ne ke hukunta ikkilisiya, amma su kansu sun kasa jituwa a kan ma'anar Jibin Ubangiji. To, idan alƙalai ne ke faɗa da juna, wa zai raba su? Waɗansu masana, irin su Montanye wanda ya rasu a 1592, suka ce ɗan Adam ba shi da ikon tabbatar da kome, gara kowa ya bi al'adar da ya tarar.

Amma akwai fili guda da gardamar ba ta shiga ba. Malamin Katolika da malamin Furotesta duka sun yarda cewa jimillar kusurwoyi uku na alwatika digiri 180 ne. Ba a taɓa ƙone gari a kan wannan ba. Daga nan tunanin ya tsiro: da za a sami hanyar tabbatar da zancen Allah da na rai kamar yadda ake tabbatar da lissafi, ashe da takobi ya koma kube.

Dekart da kwandon tuffa

An haifi Dekart a ƙasar Faransa ran 31 ga Maris, 1596. Ya yi karatu a makarantar limaman Jezuwit da ke La Fulesh, ya kuma sami shaidar ilimin shari'a a 1616. Ya fita yana ganin lissafi kaɗai ne ya ba shi tabbaci cikin duk abin da aka koya masa. A 1618 ya shiga aikin soja a Holan, shekara ta gaba ya tafi Jamus. A can hunturu ya tsare shi a wani ɗaki mai murhu, ya wuni yana tunani shi kaɗai. Daren 10 ga Nuwamba, 1619, ya yi mafarki uku, ya ɗauke su a matsayin kira daga Allah zuwa ga aikin sake kafa ilimi.

Bai yi gaggawa ba. Ya koma Holan da zama, inda ya yi kusan shekara 20. A 1633 yana dab da buga littafi a kan tsarin duniya sai ya ji an hukunta Galileyo a Roma saboda koyar da cewa duniya ce ke zagaya rana. Dekart ya naɗe takardunsa ya ajiye. Sai a 1637 ya fitar da ɗan littafinsa a kan hanyar bincike, da harshen Faransanci domin waɗanda ba su san Latin ba su iya karantawa. A 1641 ya fitar da babban aikinsa, bimbini shida da Latin, ya sadaukar da shi ga malaman tauhidi na Sorbon a Faris, yana cewa nufinsa shi ne ya tabbatar wa marar bangaskiya da hujjar hankali cewa akwai Allah, kuma rai dabam yake da jiki.

Shi da kansa ya kwatanta hanyarsa da mai kwandon tuffa wanda ke tsoron akwai ruɓaɓɓu a ciki. Dabararsa ita ce ya juye kwandon duka, ya riƙa dubawa ɗaya ɗaya, yana mai da masu kyau kaɗai. Haka Dekart ya juye duk abin da ya sani. Ido yakan ruɗi mutum, saboda haka ya ajiye shaidar ido. Mai mafarki yakan ɗauka a farke yake, saboda haka ya ajiye tabbacin cewa yana zaune a bakin wuta. Har lissafi ya ajiye, da ya ƙaddara cewa watakila akwai wani mugun iblis mai ruɗinsa duk lokacin da ya haɗa biyu da uku. Bayan duk wannan, abu ɗaya ya ƙi faɗuwa: ko ruɗinsa ake yi, lalle akwai wanda ake ruɗa. Shakkar da yake yi ita ce shaidar cewa mai shakkar yana nan. Wani malamin tauhidi mai suna Arno ya tuna masa cewa Agustin, bishof na Hifo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya riga ya kawo irin wannan hujja fiye da shekara dubu da suka wuce.

To, amma mutumin da bai san kome ba sai kasancewar kansa, fursuna ne. Ta ina zai fita? Ƙofar da Dekart ya samu ita ce Allah. Ya ce, ni mai kasawa ne, ga shi kuwa a cikin tunanina akwai sanin wani Cikakke marar iyaka. Ƙaramin abu ba ya haifar da wanda ya fi shi, saboda haka Cikakken ne da kansa ya dasa wannan sani a cikina. Tun da shi Cikakke ne, ba mayaudari ba ne. Tun da ba mayaudari ba ne, duk abin da hankalina ya gane sarai ba tare da gauraye ba, gaskiya ne. Da wannan ya mai da lissafi da jiki da duniya cikin kwandon.

Mai karatu zai lura cewa in aka zare Allah daga ginin nan, duka ya rushe. Amma a lura da wani abu kuma. A da, mai bi yakan fara da Allah wanda ya yi magana, sa'an nan ya gane kansa. Yanzu an fara da mutum mai tunani, shi ne ya bincika ya ba Allah takardar shaida. Arno ya kuma nuna wata ɓaraka: Dekart ya amince da hankalinsa domin Allah ya tsaya masa, ya kuma san akwai Allah domin hankalinsa ya gaya masa. Kamar mutum biyu ne a gaban alƙali, kowane yana cewa ɗayan ne shaidarsa.

Amsar hukuma da amsar masu tambaya

Shugabannin addini sun amsa da doka. A Utrek, wani babban malamin ikkilisiyar Kalbin mai suna Futiyus ya tsaya kai da fata har jami'a ta haramta sabuwar koyarwar a 1642. A 1647 hukumar jami'ar Laidin ta hana a ambaci sunan Dekart a aji. Shi kuwa ya tafi Sitokholm bisa gayyatar Sarauniya Kiristina, wadda ta sa masa lokacin darasi ƙarfe biyar na asuba cikin tsananin sanyi, ya kamu da ciwon huhu ya rasu ran 11 ga Fabrairu, 1650. A 1663 Roma ta sa littattafansa cikin jerin waɗanda aka hana karantawa har sai an gyara su. Duk wannan bai hana kome ba. Kafin ƙarnin ya ƙare, ana koyar da tunaninsa a makarantu masu yawa na Holan da Faransa.

Abin da ya girgiza ginin shi ne tambayar wata budurwa mai shekara 24. Gimbiya Elizabet 'yar sarkin Bohemiya ce, wanda karɓar sarautarsa ta rura wutar yaƙin shekara talatin, aka kuma tumɓuke shi a 1620. Ta girma tana gudun hijira a Holan, cikin ikkilisiyar Kalbin. A watan Mayu na 1643 ta rubuta wa Dekart wasiƙa. Ya koyar cewa rai tunani ne tsantsa, ba shi da tsawo ba shi da faɗi, jiki kuwa kamar inji ne wanda ba ya motsi sai an tura shi. To, ta yaya abin da ba ya taɓa kome zai ɗaga hannun mutum? Dekart ya kawo misali, ta nuna masa misalin bai zauna ba. Daga bisani ya ce haɗuwar rai da jiki abu ne da ake saninsa ta wurin zaman yau da kullum da cuɗanya da mutane, zurfin tunani ba ya bayyana shi. Watau mutumin da ya ce zai tabbatar da kome kamar lissafi ya iso wurin da lissafinsa ya tsaya, wurin kuwa shi ne ɗan Adam kansa. Bai ji haushinta ba, ya ma sadaukar mata da littafinsa na 1644. Ita kuwa a 1667 ta zama shugabar gidan ibada na mata a Herfod, inda ta ba masu bi da ake tsananta wa mafaka.

Amsa ta biyu ta fito daga Faskal, wanda aka haifa a 1623. Ba wanda zai ce da shi jahili: yana ɗan shekara 19 ya ƙera injin lissafi, a 1648 kuma ya sa aka hau dutse da ma'auni aka tabbatar cewa iska tana da nauyi. Ya sadu da Dekart ido da ido a 1647. Daren 23 ga Nuwamba, 1654, ya yi wata saduwa da Allah ta kimanin sa'a biyu, ya rubuta ta a takarda ya ɗinke cikin rigarsa, ba wanda ya sani sai bayan rasuwarsa a 1662. Abin da ya shaida shi ne, Allahn da ya sadu da shi shi ne na kakannin bangaskiya, wanda aka sani ta wurin Yesu Almasihu, dabam da wanda masana ke isa gare shi da hujja. A ganin Faskal, hujjojin kasancewar Allah suna gamsar da mutum na ɗan lokaci, sa'a ɗaya bayan haka ya soma tsoron ko ya yi kuskure. Mai sanin Allah ba tare da sanin zunubinsa ba yakan yi girman kai, mai sanin zunubinsa ba tare da Mai Ceto ba yakan fid da zuciya. Bai zagi hankali ba. Ya ce hankalin da ya cika shi ne wanda ya gane akwai abubuwa masu yawa da suka fi ƙarfinsa.

Sifinoza ya bi hanyar har ƙarshenta

An haifi Sifinoza a Amstadam a 1632, cikin Yahudawan da suka gudo daga tsanani a Fotugal. Ran 27 ga Yuli, 1656, yana da shekara 23, shugabannin majami'arsu suka yanke shi daga jama'a da la'ana mai tsanani. Bai koma ba, bai kuma karɓi baftisma ba. Ya ci abinci da sana'ar goge gilashin madubin hangen nesa, yana zaman haya, kuma a 1673 ya ƙi kujerar farfesa a jami'ar Haidalbag domin kada a sa wa tunaninsa linzami.

Ya ɗauki hanyar Dekart ya hana ta tsayawa inda Dekart ya tsaya. Babban littafinsa, wanda aka buga bayan rasuwarsa a 1677, an tsara shi kamar littafin lissafi: ga ma'anar kalmomi, ga ƙa'idojin farko, ga abin da ya biyo baya dole. Ya ce in Allah marar iyaka ne, babu abin da zai kasance a wajensa, saboda haka Allah da halitta abu ɗaya ne. Kome yana fitowa daga gare shi ala tilas, kamar yadda digiri 180 ke fitowa daga alwatika. Wannan Allah ba ya zaɓa, ba ya nufi, ba ya jin addu'a. Sifinoza ya ce mutum zai iya ƙaunarsa, amma kada ya sa rai a ƙaunace shi. Sunan Allah ya cika littafin, duk da haka babu Uba a ciki.

Littafinsa na 1670, wanda ya fito ba suna, shi ya fi ta da ƙura. A ciki ya ce a bincike Littafi Mai Tsarki kamar kowane tsohon littafi, ya ce ba Musa ne ya rubuta littattafai biyar na Attaura yadda suke a hannunmu ba, ya ce mu'ujiza suna ne kawai na abin da mutane ba su san dalilinsa ba. Majalisun ikkilisiya suka yi ta kai ƙara, kotun Holan ta haramta littafin a 1674, masu ɗab'i kuwa suka ci gaba da sayar da shi a ɓoye da sunayen ƙarya a bango.

Adalci ya sa mu faɗi abu ɗaya. Babban roƙon littafin shi ne kada hukuma ta hukunta mutum saboda abin da ya gaskata. Abokinsa Kurbag ya mutu a kurkuku a 1669 saboda abin da ya rubuta. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwa da yawa, muna kuma sujada a ƙarƙashin dokar da ta ba kowa 'yancin addini, mun san darajar wannan roƙo. Abin baƙin ciki ne a ce wanda ya musanci mu'ujiza ya ɗaga murya a kansa, alhali manyan ikkilisiyoyin zamaninsa suna neman takobin sarki.

Firist da mai sulhu

Masu bi biyu sun yi ƙoƙarin riƙe hanyar ba tare da sun faɗa ramin Sifinoza ba. Na farko shi ne Malbaransh, firist na Katolika a Faris, wanda ya ci karo da wani littafin Dekart a 1664, shekarar da aka naɗa shi. Amsarsa ga tambayar Elizabet ita ce, rai ba ya motsa jiki ko kaɗan. Idan na yi niyyar ɗaga hannu, Allah ne ke ɗaga shi, gama babu mai iko na gaskiya sai shi. Wanda ya zauna da malaman Musulunci zai ji wannan ba baƙo ba ne, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya koyar cewa ba wuta ce ke ƙone auduga da ikon kanta ba, Allah ne ke halittar ƙunar sa'ad da suka haɗu. Sai dai Malbaransh ya ƙara da cewa Allah yana aiki ta 'yan dokoki masu sauƙi waɗanda ba ya yawan karyawa, shi ya sa ruwa ke zuba a teku gona tana bushewa. Arno ya yaƙi wannan ra'ayi shekara da shekaru, yana cewa ya rage kulawar Allah ga kowane mutum.

Na biyu shi ne Laibniz, mabiyin Luta, wanda aka haifa a Laifzig a 1646, shekara biyu kafin yaƙin ya ƙare. Ya ƙirƙiro lissafin kalkulas a wajen lokacin da Niyuton na Ingila ya gano shi, kowa ta hanyarsa. Ya kuma yi rubutu a kan lissafin da ba ya amfani da kome sai 1 da 0, wanda kwamfuta ke aiki da shi yau, yana ganinsa hoton yadda Allah ɗaya ya halicci kome daga babu. Ya ziyarci Sifinoza a 1676, ya fito da niyyar nuna cewa Allah yana zaɓa da hikima. Ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da Bishof Bosuwe na Faransa a kan yadda za a sake haɗa Katolika da Furotesta, abin bai yiwu ba. Burinsa shi ne a sami wani harshe na alamu wanda zai sa masu gardama su zauna su lissafa, maimakon su yi faɗa.

Babban gwajinsa shi ne zancen mugunta. Wani ɗan gudun hijira Bafaranshe mai suna Bel, wanda ɗan'uwansa fasto ya mutu a kurkuku a 1685, ya rubuta cewa hankali ba zai taɓa daidaita nagartar Allah da wahalar duniya ba. Laibniz ya amsa da littafi a 1710. Ya bambanta abin da ya fi ƙarfin hankali, kamar Triniti, da abin da ya saɓa wa hankali, ya ce bangaskiya tana ɗauke da na farko kaɗai. Wannan bambanci yana da amfani har yau. Sa'an nan ya ce babu abin da ke faruwa ba dalili, kuma Allah mai hikima ya duba dukan duniyoyin da za su yiwu ya zaɓi wadda ta fi, ko da yake akwai wahala a cikinta. Ya rasu a Hanoba a 1716.

Hale, da wani ɗan Gana

Wanda ya tsara koyarwar Laibniz domin makarantu shi ne Wolf, malami a jami'ar Hale. Garin nan kuwa cibiya ce ta farkawa a ikkilisiyar Luta, a ƙarƙashin Faranke mai gidan marayu. Almajiran Hale ne, Zigenbalg da abokinsa, suka isa Indiya da bishara a 1706. Mutanen kirki ne, amma da gardama ta yi zafi tsakaninsu da Wolf sai suka kai ƙara fada. A 1723 sarkin Furusiya ya ba Wolf sa'a 48 ya bar ƙasar ko a rataye shi. Korar ta ƙara masa suna a duk Turai, kuma a 1740 sabon sarki ya komo da shi da girma.

Tsakanin korar da komowar, a 1727, wani saurayi baƙar fata ya shiga jami'ar. Sunansa Anton Wilhelm Amo, daga yankin Aksim a ƙasar da yanzu ake kira Gana. An kai shi Turai yana ƙaramin yaro, ya girma a fadar Wolfenbutel, aka yi masa baftisma a can, a garin da Laibniz yake shugaban ɗakin littattafai. A 1729 ya yi muhawara a Hale a kan haƙƙin baƙaƙen fata a Turai. A 1734 ya kare rubutunsa na digirin dakta a Witenbag, garin Luta, inda ya kama Dekart da saɓa wa kansa: in rai ruhu ne tsantsa, ba zai ji zafi ko sanyi ba, jiki mai rai ne ke ji. Maganar Dekart da ya soka kuwa tana cikin amsar da ya ba Elizabet. Amo ya koyar a Hale da Yena, ya koma gida wajen 1747. Ashe tun wancan zamani ɗan Afirka ta Yamma ya zauna a wannan majalisa, ya yi magana aka saurara.

Lisbon

Ran 1 ga Nuwamba, 1755, ranar idin tunawa da dukan tsarkaka, da safe mutane suna cikin sujada, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon. Teku ta biyo baya, wuta ta ci kwana da kwanaki, dubun dubatar mutane suka mutu. Bolter ya yi wa koyarwar Laibniz ba'a a wani labari da ya buga a 1759. Laibniz bai taɓa cewa ba za a yi girgizar ƙasa ba, amma uwar da ke tonon ɗanta daga ƙarƙashin bango ba ta da abin yi da lissafin duniyoyi. Masu wa'azi da yawa, Katolika da Furotesta, suka ce hukuncin zunubin birnin ne. Su ma sun yi azarɓaɓi, gama Ubangiji ya ƙi irin wannan fassara sa'ad da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). Masanin da mai wa'azin duka sun so su karanta littafin asirin Allah, ba a kuwa ba su shi ba. Daga baya, a 1781, Kant na Jamus ya yi amfani da hankali ya auna hankali, ya ce ba shi da ikon tabbatar da kasancewar Allah, ba shi kuma da ikon musanta ta.

Abin da ya rage mana

Masu dogara ga hankali sun bar gado mai kyau: lissafi, da tsari a bincike, da ƙin yarda da magana don kawai babba ne ya faɗe ta. Amma salamar da suka nema ba ta zo ta hanyarsu ba, domin su kansu huɗun ba su jitu a kan wane ne Allah ba. Hankali ya yi musu jagora har bakin abu uku ya tsaya: asirin ɗan Adam, da Allah mai ƙauna wanda ke magana, da wahala. A wuraren nan uku ne bishara take da abin faɗi, gama tana shelar Allah wanda ya ɗauki jiki ya sha wahala tare da mu.

Zancen nan bai yi nisa da gidajenmu ba. A Nijar da Kamaru da Cadi, yaran da suka kai ƙarshen lise suna karatun falsafa domin jarrabawar bak, sunan Dekart kuwa yana cikin waɗanda suke fara ji. Wata rana ɗanka zai komo gida ya tambaye ka yadda ka san akwai Allah. Tarihin nan ya nuna hanya biyu. Utrek da Roma da Hale sun tsawata sun hana, koyarwar ta ƙara yaɗuwa. Elizabet da Arno da Faskal sun karanta, sun fahimta, sun yi tambaya, kuma tambayoyinsu ne suka nuna iyakar ginin. Ubangiji ya lissafta hankali cikin abubuwan da za mu ƙaunaci Allah da su (Markus 12:30), kuma da Toma ya yi shakka bai kore shi daga cikin almajirai ba, ya nuna masa hannuwansa. Saboda haka, iyaye da fastoci da malaman makarantar Lahadi, in yaro ya zo da tambaya a ba shi tabarma ya zauna. In ba a san amsar ba a nemi wanda ya sani, a kuma yi addu'a tare da shi. Allah ya ba ikkilisiyarsa masu zurfin tunani waɗanda suka san durƙusawa.